Yadda Zaka Zaɓi Fentin Ɗaki Kalar Pich Mai Laushi Da Kalolin Da Suke Tafiya Da Ita

Kalar pich, wato ruwan lemun nan mai haske da aka sassauta da fari har ya ɗan karkata wajen ruwan hoda, tana cikin kalolin da in aka dace dasu ɗaki yake yin daɗin zama sosai, har fuskar mutanen da ke ciki zakaga tayi kyau saboda hasken da bango yake dawowa dashi mai ɗumi ne. Ba sabuwar kala bace, amma tun da kamfanin Pantone mai tsara lambobin kaloli ya zaɓi Peach Fuzz mai lamba 13-1023 a matsayin kalar shekarar 2024 sai mutane suka dawo kanta, kowa yana so a falo ko ɗakin kwana. Matsalar kawai kala ce mai wuyar sha'ani, tsakanin wadda tayi kyau da wadda ta ɓata ɗaki tazarar ƴar kaɗan ce, in ja ya ɗan yi yawa sai ta koma ruwan hoda zalla, in rawaya ya rinjaya ta koma kamar tsohon fenti da ya sha rana, in kuma ta cika ƙarfi ka shiga ɗaki ido ya gaji cikin minti kaɗan. Shiyasa nake ganin ba kalar da za'a zaɓa a waya ko a ɗan katin shagon fenti bace, sai an bi a hankali.

Mataki na farko, fara da abinda bazaka canza ba

Tun ran gini tun ran zane. Kafin ka kalli katin fenti ko ɗaya ka tsaya a tsakiyar ɗakin ka duba me ke ciki wanda ba zai motsa ba: tayil ko katakon ƙasa, ƙofofi, firam ɗin taga, kabad ɗin kicin, manyan kujerun da baka da niyyar canzawa. Fenti akwai kaloli dubbai kuma ana haɗa maka yadda kake so, tayil kuwa in an kafa an kafa, to fentin ne zai bi tayil ba tayil ne zai bi fenti ba.

Ɗauki farar takarda fes ka ajiye a ƙasa kan tayil ɗin da rana. Kusa da farin takardar zaka ga kalar da take kwance a cikin tayil ɗin wadda da baka lura da ita ba, wani tayil da kake cewa fari ne sai kaga ashe yana da rawaya-rawaya, wani kuma ruwan toka ne mai shuɗi a ciki. In ƙasan naka ya karkata wajen rawaya ko ruwan zuma, kamar yawancin katako, to ka nemi pich da ta fi kusa da lemu, domin wadda ta cika hoda zata sa ƙasan ya zama kamar yayi dauɗa. In ƙasan ruwan ƙasa ne mai ja-ja, pich mai ɗan hoda tana zama dashi lafiya. Wanda yafi wahala shine tayil ruwan toka mai sanyi, wannan yana ƙara fito da lemun bango ya zama ya fi yadda yake ƙarfi, don haka a irin wannan ɗakin sai ka sauko sosai ka ɗauki pich mai haske ƙwarai wadda aka ɗan dushe da toka.

Mataki na biyu, gane wace pich ce a gabanka

Duk wata pich abu uku ne aka haɗa, fari mai yawa, ɗan rawaya, ɗan ja, wani lokaci a ɗiga baƙi ko ruwan ƙasa kaɗan don a kwantar da ita. Wannan ɗigon na ƙarshe shine yake raba kalar da zaka iya zama da ita shekaru da wadda zata isheka cikin wata guda. Pich tsantsa wadda ba'a dushe ba tana da kyau a kati, a bango huɗu kuwa tana cika ido. Ni dai a ganina kullum gara wadda aka ɗan dushe.

Kar ka dogara da sunan da kamfani ya sa wa kala, sunan talla ne kawai, kamfani biyu zasu iya sa suna iri ɗaya kala kuma ta bambanta. Lamba zaka duba. Kamfanonin fenti da yawa suna aiki da tsarin NCS na ƙasar Suwidin, kuma in ka iya karanta lambarsa ka huta. Ɗauki misalin S 1020-Y50R. Wannan 10 ɗin na farko yana nuna yawan duhun da ke cikin kalar ne, 20 ɗin da ke biye ƙarfin kalar, Y50R kuma yana nufin rawaya ce da aka kai rabin hanya zuwa ja, wato lemu daidai wa daida. In kaga Y30R ko Y40R kasan ta fi karkata wajen rawaya, in kaga Y60R ko Y70R ta doshi hoda. Don bango huɗu ina ba da shawarar ƙarfin kala ya tsaya tsakanin 10 zuwa 20, daga 30 zuwa sama ka barshi wa bango ɗaya ko wani ɗan lungu.

Akwai kuma wata lamba da ake rubutawa LRV a bayan kati ko a shafin kamfanin, daga 0 zuwa 100, tana nuna kashi nawa na haske kalar take dawowa dashi, baƙi yana can ƙasa fari yana can sama. Pich mai laushi da zata bar ɗaki da haske ka nemeta wajen 60 zuwa 75. Ɗakin da tagarsa ƙarama ce ka tsaya kusa da 75 ɗin, babban falo mai tagogi da yawa zai iya ɗaukar wadda ta fi duhu.

Hoton waya kuwa ka ɗaukeshi a matsayin abin nuna wa mai shago inda ka dosa kawai. Fuskar waya haske take fitarwa da kanta, bango kuwa sai an haska shi yake dawo da kala, ga kuma gyaran hoto da masu ɗauka suke yi, bazasu taɓa zama ɗaya ba.

Mataki na uku, hasken ɗakin

Ka duba ina tagar take kallo. Ɗakin da ke kallon gabas yana samun rana mai ɗumi da safe, pich zata haskaka da hantsi sannan ta lafa da yamma. Mai kallon yamma kuma shine abin lura, domin ranar la'asar da kanta ja-ja ce, in ta faɗa kan bango mai lemu sai ɗakin ya zama kamar ana hura wuta a ciki, a nan dole ka rage ƙarfin kalar. A ƙasashen da ke arewacin duniya tagar da ke kallon arewa bata samun rana kai tsaye sosai, haskenta mai sanyi ne, kuma irin wannan ɗakin ne pich tafi yi wa amfani don tana ɗumama shi, a kudancin duniya abin juyawa yake yi. Ka kuma leƙa waje, in akwai bishiya mai duhun ganye dab da taga hasken da zai shigo yana ɗauke da kore, kuma kore yana kashe pich ya maida ita ruwan ƙasa-ƙasa, haka jan katangar maƙwabci zata ƙara mata ja.

Da dare ƙwan lantarki ne mai iko. A jikin kwalin ƙwai akwai lamba da K a ƙarshe. 2700K haske ne mai rawaya, yana ƙara wa pich lemu. 3000K zuwa 4000K yana barinta kusan yadda take. 6500K fari ne mai shuɗi-shuɗi, yana tsotse ɗumin kalar ta koma fari-fari mai hoda ba armashi. Ni na fi son 3000K da wannan kalar a falo da ɗakin kwana. In kwalin ya nuna CRI, wato ma'aunin ingancin hasken ƙwan, ka ɗauki 90 zuwa sama, shine yake nuna kala yadda take. Kuma don Allah ka sa ƙwan da zaka zauna dashi kafin kayi gwajin fenti ba bayan an gama ba.

Mataki na huɗu, gwaji, nan ne aikin yake

Ka zaɓi kala uku, kar su wuce huɗu don ido yana rikicewa: wadda ranka ya fi so, wadda ta fi ta haske da mataki ɗaya, da wadda ta fi ta dushewa. Ka sayi ƙananan gwangwani na gwaji, ko ka roƙi a haɗa maka mafi ƙarancin abinda suke iya haɗawa. Kar ka shafa kai tsaye kan tsohon fenti, musamman in bangon shuɗi ne ko kore, tsohuwar kalar zata ruɗi idonka. Samu farin kwali mai kauri ko falanki, aƙalla rabin mita ta kowane ɓangare, ka shafa sau biyu kana barin na farko ya bushe, ka shafe har baki kar ka bar farin gefe, ka rubuta lambar kowace a baya.

Sai ka riƙa yawo da allunan nan cikin ɗakin kwana biyu ko uku. Ka jingina ɗaya a bangon da ke fuskantar taga, ka maida shi bangon da tagar take jikinsa wanda shine yafi duhu, ka saukar dashi ƙasa ya taɓa tayil, ka kai shi bayan kujera, ka kai shi jikin labule. Ka duba da safe, da tsakar rana, da la'asar, da kuma dare an kunna wuta. A tsaye zaka ajiye shi kamar yadda bango yake, in ka kwantar a ƙasa hasken da zai samu daban ne.

Akwai wani gwaji da mutane basa yi kuma shine yake tona asirin pich. Ka haɗa allo biyu masu kala ɗaya a kusurwar ɗaki, ɗaya a wannan bangon ɗaya a wancan, bakinsu ya haɗu, sai ka ja baya ka kalli tsakiyar kusurwar. Zakaga wajen haɗuwar ya fi sauran allon lemu sosai kamar an ƙara shafi, alhali fenti ɗaya ne, dalili kuwa kowane ɓangare yana jefa wa ɗan uwansa haske mai kala, sai kalar ta ninku. To abinda zai faru kenan a ɗaki gaba ɗaya in bango huɗu suka ɗauki kalar, shiyasa abinda ka gani a ɗan kati yana da sanyi yake zama mai ƙarfi in an gama aiki. In kana kokwanto tsakanin biyu ɗauki mai hasken. In kuma kalar ta maka amma ƙarfinta ya ɗan yi yawa, masu injin haɗa fenti suna iya haɗa maka ita da kashi 75 ko 50 cikin 100 na sinadarin kalar, sai dai ka sake gwada wannan ɗin ma don wani lokaci in an rage tana ɗan sauya fuska.

Kar ka yanke hukunci fenti yana ɗanye, na ruwa yana sauya kala in ya bushe, yawanci ya ɗan ƙara duhu.

Mataki na biyar, kalolin da zasu rakata

Fara da fari, don shine maƙwabcinta na kusa a silin da gindin bango da firam ɗin ƙofa. Fari mai ɗan ɗumi, wanda ya karkata wajen ruwan madara kaɗan, shi yafi zama da pich. Fari fat mai shuɗi a ciki yana sa ta yi tsawa, ruwan madara mai rawaya da yawa kuma yana zama kamar farin da ya tsufa. Silin dai ka barshi fari, dama zai ɗauki ɗan ɗumi daga bango ba sai ka ƙara masa ba.

Akwai wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Michel Eugène Chevreul, wanda ya shugabanci sashen rini a masaƙar Gobelins da ke Paris. An riƙa kawo masa ƙorafi cewa wasu zaren basu rinu da kyau ba, da ya bincika sai ya gano rinin lafiyarsa ƙalau, kalar zaren da ke kusa ce take sauya yadda ido yake ganinsu, ya kuma wallafa bayanin a 1839. Wannan shine abinda yake faruwa a ɗakinka, kowace kala tana tura maƙwabciyarta wajen kishiyarta. Kishiyar lemu shuɗi ne, don haka duk shuɗin da ka ajiye kusa da pich zai ƙara fito da lemunta, ita ma ta ƙara fito da shuɗinsa. In kaɗan ne abin yana da kyau ƙwarai, filo biyu shuɗi mai duhu a kan kujera ruwan madara, ko hoto mai shuɗi a bango, ɗakin sai ya farka. In yayi yawa, misali labule shuɗi mai ƙarfi daga sama har ƙasa ga kafet shuɗi, sai kalolin su hau kokawa.

Masu ƙawata ɗaki suna da wani ma'auni na 60, 30, 10, wato kashi 60 babbar kala wadda anan itace bango, 30 kala ta biyu a kujeru da labule da kafet, 10 kuma ƴar kalar da zata ja ido. Ba doka bace, ido ba mudu ba amma ya san ƙima, sai dai tana taimakon wanda bai saba ba. A kashi 30 ɗin nan abinda bai taɓa ba da kunya shine ruwan madara, ruwan yashi, ruwan toka mai ɗumi, da katako mai ruwan zuma ko ruwan ƙasa. Wanda ni nafi so kuwa kore ne mai toka-toka irin na ganyen zaitun, yana sanyaya ɗumin pich ba tare da yayi faɗa da ita ba, ko tukunyar shuka mai ganye ka ajiye a jikin bangon zaka gane abinda nake nufi. In kana son ɗaki mai ɗumi gaba ɗaya sai ka tsaya cikin danginta, ka haɗa da ruwan jan bulo a filo ko darduma da ruwan ƙasa mai duhu, amma ka tabbata akwai fari isasshe da zai ba ido wajen hutawa.

Ɗan baƙi ko ruwan gawayi yana da amfani fiye da yadda ake zato, a ƙafar tebur, firam ɗin hoto, mariƙin ƙofa, shine yake hana ɗakin zama laushi zalla ba ƙashi. Ƙarfe kuma ruwan zinare da tagulla sun fi farin ƙarfe mai ƙyalli dacewa da ita.

Waɗanda zan ce a yi hattara dasu: ja mai ƙarfi, rawaya mai tsawa, ruwan hoda mai sanyi da fafal mai haske. Basu nisanta da pich har su zama kishiya ba, basu kuma kusanceta har su zama dangi ba, sai abin ya zama kamar an so a haɗa kala ɗaya aka kuskure. Ɗakunan da ke buɗe da juna kuma, in falo pich ne korido ya ɗauki farin nan mai ɗumi da kayi amfani dashi a silin, ka tsaya a bakin ƙofa ka ga kalolin biyu tare kafin ka yanke.

Mataki na shida, mai ƙyalli ko marar ƙyalli

Wannan ba sai an ja ba. Marar ƙyalli shi yafi fito da laushin kalar kuma yana ɓoye ƙananan tabon bango, ya dace da ɗakin kwana da silin. Falo, korido da ɗakin yara ka ɗauki mai ɗan sheƙi kaɗan wanda ake iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. Kicin da banɗaki ka ɗauki mai matsakaicin sheƙi wanda ake kira satin, ko wanda aka yi don wajen danshi. Mai ƙyalli sosai ka barshi wa ƙofa da katako, a bango yana nuna duk wani tudu da kwari. Gwajin da kayi ya zama da irin wanda zaka saya, don ƙyalli yana sauya yadda kala take fitowa.

Mataki na bakwai, lissafi da saye

Auna kewayen ɗakin ka ninka da tsawon bango. Ɗaki mai mita 4 da mita 4 kewayensa 16, in tsawon bango mita 3 ne ya zama sikwaya mita 48, cire ƙofa da taga kamar 4, saura 44, shafi biyu 88 kenan. Fentin ruwa mai kyau lita ɗaya tana cin kamar sikwaya mita 10 zuwa 12 a shafi ɗaya kan bango mai sumul, kaga kana buƙatar wajen lita 8 zuwa 9, ka ɗan ƙara don gyara nan gaba. Bango mai kaushi ko sabon filasta yana sha fiye da haka, ka duba abinda aka rubuta a jikin bokitin.

Ka saya duka lokaci ɗaya, haɗi ɗaya. Kala mai haske irin wannan ɗigo kaɗan na ja ya isa ya bambanta bokiti da bokiti, kuma sai an shafa a bango ɗaya ake gani. In bokiti ya wuce ɗaya a juye su cikin babban mazubi a gauraya kafin a fara. Kafin ka bar shago a buɗe a ɗiga kaɗan kan allon gwajinka ya bushe ka kwatanta. Kuma kar ka yarda mai fenti ya haɗa maka da ido a wajen aiki yana ɗiga ja cikin fari, ko yayi kyau ranar in ya ƙare a tsakiyar bango bazai iya maimaita shi daidai ba.

Mataki na takwas, shirya bango da shafawa

Kala mai haske bata rufa wa bango asiri. A cike tsaga da ramuka, a goge da sanfefa, a share ƙura, in akwai danshi ko fumfuna a gyara inda ruwan yake shigowa tukuna in ba haka ba fentin zai kumbura ya ɓare. Sabon filastan siminti a barshi kamar sati huɗu ya bushe sannan a sa firaima, wato shafin shimfiɗa da ake yi kafin fenti, wadda aka yi don sabon siminti, saboda kaifin simintin yana cin kala ya bar dabbare-dabbare. Tsohon bango mai kala mai duhu shima a fara rufe shi da farar firaima, shuɗi ko kore in ya leƙo ta ƙarƙashin pich sai ta koma toka-toka. In gidan tsoho ne ayi hattara da goge tsohon fentin mai, wasu suna ɗauke da dalma wadda ƙurarta guba ce musamman ga yara, a Amurka sai a 1978 aka hana irinsa a gidaje, wasu ƙasashen ma sun daɗe bayan haka suna sayarwa.

A fara da silin, sannan bango, ƙofa da gindin bango a ƙarshe. A zagaye gefe-gefe da burushi a bi da rola tun gefen bai bushe ba, a gama bango guda kafin a huta don kar layi ya fito. Shafi biyu ne, tsakaninsu yawanci awa 2 zuwa 4 ga fentin ruwa, kuma kar a cika masa ruwa don ya yalwata, kalar zata fito wani waje kauri wani waje shara-shara. A buɗe tagogi iska ta shiga.

Bayan shafin farko in kaga kalar tayi maka ƙarfi kar hankalinka ya tashi, ɗaki fanko ba labule ba kujera kullum kalarsa tafi yawa a ido. A gama na biyu, a cire tef in an manna a gefe-gefe, a maida kaya ka zauna da ita kamar sati ɗaya. In har lokacin tana damunka fara da canza ƙwan lantarki zuwa wanda ya fi fari kaɗan, sannan ka ƙara farin labule ko kafet mai haske, in duk basu yi ba sai a maida bango ɗaya ko biyu farin nan mai ɗumi, ba sai an sake ɗakin duka ba. Kar a wanke bangon sai ya yi sati biyu zuwa huɗu fentin ya gama ƙanƙamewa. Ragowar kuma a rufe shi gam a ajiye inda ba zafi, a rubuta lambar kalar da sunan kamfani da irin ƙyallin da ɗakin da aka shafa a jikin murfin, ka kuma ɗauki hoton takardar haɗin ka ajiye a waya don ranar da za'a buƙaci gyara.